Daga Jelar Rago zuwa Hayaƙin Taya

A ɗakin girkin kakata akwai wata ƙusa kafe a jikin azara, daidai saman murhu, wadda abu ɗaya tak ake rataya mata a shekara. Ranar Babbar Sallah, an gama fiɗa ana ta rabon nama, sai Inna ta miƙa hannu ta ware jelar ragon da ɗan ƙashin bayan da ya biyo ta, ta murje ta da gishiri, ta ɗaure da igiyar rama ta rataye. Daga ranar ba mai taɓa ta. Hayaƙin girkin safe da na dare ya yi ta bi ta kanta har ta yi baƙi ƙirin, ta ƙandare kamar icce. Nakan tsaya a ƙarƙashinta in ɗaga kai ina haɗiyar yawu, Inna ta harare ni ta ce, "Maigidan, kallo kaɗai. Wannan ta baɗi ce."

Baɗin Inna kuwa ba shi da nisa. Layya ranar 10 ga Zulhajji ake yi, cika-ciki kuma daren 10 ga Muharram, tsakaninsu wata guda ke nan. Amma a lissafinta shekara ce ta mutu wata ta kama, kuma ragon bara ne zai buɗe mana tukunyar bana. Sai da na girma na riƙe gida, na san zafin cefane, sannan na gane dabarar tsohuwar nan. Bikin sabuwar shekararmu an riga an biya kuɗinsa tun wata guda kafin ya zo. Ban taɓa jin wanda ya ci bashi don cika-ciki ba.

A garinmu, can cikin ƙasar Zazzau, ranar 1 ga Muharram ba ta da wani shagali. Liman ne zai sanar bayan magariba cewa wata ya tsaya, an shiga shekara kaza ta Hijira, a shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Hidimar tana ranar tara da ta goma. Manya na azumin Tasu'a da Ashura, mata kuwa tun azahar sun sauko da manyan tukwanen da ba a taɓa su sai biki ko suna. A jiƙa jelar nan a ruwan zafi har ta saki, a daddatsa, a zuba a miyar kuka da ta ji daddawa. Naman da ya sha hayaƙin wata guda ƙamshinsa daban ne, ga ɗan ƙauri, ga maiƙon da ke kama leɓe. Na ci abinci a wurare da dama tun daga lokacin, ban sake gamuwa da irinsa ba.

Aikinmu mu yara shi ne kai kwano. Inna za ta jera kwanuka a tsakar gida, tana zubawa tana kiran masu su: wannan na gidan Liman, wannan na Goggo, wannan na makauniyar bayan masallaci, wannan na baƙon da ya sauka gidan Sarkin Fawa. Ba ta mantuwa, ba ta kuma duba wa ya aiko mana bara. Mu ɗauka a ka mu bazama cikin lunguna, muna karo da 'yan wasu gidajen su ma ɗauke da nasu. Kwano ba ya dawowa wayam. In ka kai tuwo a juye a zuba maka dambu, in ka kai dambu ka dawo da fura ko 'yar gyaɗa. Kafin isha'i gidan da bai yi layya ba ya tara miya kala uku, kowace da tsokarta, kuma ba wanda zai ce sadaka aka ba shi, tunda shi ma ya fitar da nasa kwanon, ko da ɗanwake ne. Almajirai a daren nan ba sa bara, kiran su ake yi.

Sannan a zauna ci. Abin da ake gaya mana shi ne duk wanda ya kwanta bai ƙoshi ba a wannan dare, haka zai ƙare shekarar da yunwa. Wasu tsofaffin ma su ƙara da cewa da garwashi za a cike masa gurbin da ya bari. Wa zai yarda? Mukan ci har mu kasa zama, mu baje a tabarma muna nishi, Inna na dariya tana ƙara turo akushi.

Gari na wayewa sai taubasai. 'Yar kawuna, wadda ta girme ni da shekara biyu, takan iso da tsintsiya tun ban wanke ido ba, ta ja ta sau biyu a ƙofar ɗakinmu, ƙura ma ba ta tashi ba, ta miƙo hannu: kuɗin shara. In ce mata, "Sannu da aiki, baiwata, ga ladanki." Ta ce, "Wa ya taɓa ganin ubangida na biyan haraji? Miƙo nan, bawa." Abin bai wuce sisi ko sule ba. Naira ta shigo tun 1973, amma bakin mutane bai saki tsofaffin sunaye ba, kwabo biyar sisi ne, kwabo goma sule. In babu kuwa, ta fizge hulata ta tafi da ita sai na fanso. Kuma ba mu kaɗai ba. Jika da kaka, Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, maƙeri da Buzu, duk mai abokin wasa ranar yake nemansa. A yaɓa wa juna baƙar magana son rai ba mai fushi. Na sha ganin mutanen da suka yi wata shida ba sa ga maciji da juna sun shirya a kan sule guda, don ɗayansu ya zo da tsintsiya, ɗayan kuma dariya ta ƙwace masa.

Duk wannan cikin sanyi nake tuna shi, kuma da dalili. Shekarar Hijira, wadda aka tsayar da lissafinta a zamanin Sayyidina Umar, aka fara ƙirga ta daga ƙaurar Manzon Allah (SAW) zuwa Madina a 622, da wata take tafiya, kwana 354 ko 355. Kowace shekara tana riga ta Bature ƙarewa da kamar kwana 11, sai ta yi wajen shekara 33 kafin ta zagayo inda ta baro. A ƙuruciyata Muharram a hunturu yake faɗowa. Daga baya na zauna na lissafa, na ga cika-cikin da ya fi zauna mini a rai, ina ɗan shekara tara, na 1397 ne, wanda ya zo kusan rana ɗaya da 1 ga Janairun 1977. Shekaru biyu suka haɗu a mako guda, mu ɗaya kawai muka sani. Kaka ta wuce, rumbuna cike, dawa ta yi araha, gonaki kuma shimfiɗe da busasshen kara. Karan nan ne ya ja mini.

Bayan an ci an ƙoshi, samari da yara maza sukan ɗaure kara ƙananan damuna, a kunna a murhu, a fita da gudu ana jujjuya shi a sama, tartsatsi na zuba, ana ihu har bakin kududdufin bayan gari, a wurga a ruwa. Wai an jefar da tsiyar bara ke nan. Wowwo muke ce masa. Ba mu kaɗai ke wasa da wuta a wannan wata ba, Dagombawan arewacin Ghana har yau suna da nasu bikin, Bugum. To a daren da nake magana iska na kaɗawa. Na sha kwana a lungun gidan wani dattijo masaƙi, wutata ta lashi darninsa. Kafin a kawo ruwa darnin ya tafi, jinkar rumbunsa ta kama, sai da maza suka hau suka yaye ta da hannu. Allah ya tsare, hatsin sama-sama ya ci, amma wani yayanmu ya ƙone a damtse, da tabon ya koma ga Allah. Mahaifina ya biya dami biyu na dawa da sabuwar jinka. Ni kuwa washegari, bayan an gama karɓar kuɗin shara, jikina ya gaya mini.

Na kawo wannan ne saboda masu cewa komai na da lafiya lau yake. Ina! Wasan wuta a garin da rabinsa kara ne da ciyawa, a tsakiyar hunturu, ganganci ne tsagwaronsa, kuma ranar da dagacinmu ya hana shi ban yi kuka ba.

Ita kuwa 1 ga Janairu, a wurinmu ranar gwamnati ce. Alamarta kalandar da wani kawunmu ma'aikacin reluwe yake kawowa daga Zariya, a manna a zaure, a yi ta kallon hoton, ba mai duba ranakun. In ka bi tarihi ma da gaskiyarmu. Ranar 1 ga Janairun 1900 Baturen mulki Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannun Turawa. Ranar 1 ga Janairun 1914 aka haɗe ta da Kudu. Canjin kuɗin 1973 ma a ranar ya fara. Ina sakandare, na zo hutu gida, ranar 31 ga Disambar 1983 muka wayi gari rediyo na kiɗan soja, Birgediya Sani Abacha na sanar da cewa an kifar da gwamnatin Shagari, sabuwar shekara ta same mu da Manjo Janar Buhari a kan mulki. Har 2012 halin na nan: ranar 1 ga Janairu aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140, da yawa daga waɗanda suka je garuruwansu hutun Kirsimeti suka rasa kuɗin motar dawowa. Mutumin ƙauye bai san ta da murna ba. Rana ce ta kasa kunne a ji me aka yanke a sama.

Sai da aiki ya kai ni Kaduna a farkon shekarun 1990 na ga mutanen da ranar ke taɓa zuciyarsu. Gidan haya muka zauna, ɗaki-ɗaki, famfo ɗaya, mu da wani iyali Kiristoci daga kudancin jihar. Daren 31 ga Disamba tun ƙarfe tara sun yi wanka sun sha anko sun tafi coci, a yi ta addu'a da waƙoƙi da Hausa, matan zumunta na buga tulu da ganga, har sha biyu ta buga a ƙetare. Da na tambayi maigidan abin da suke yi a can har tsakar dare, ya ce godiya ce ga Allah da ya kawo su da rai, da roƙon ya tsare gaba. Da safe sai ga yarinyarsu da kula a ka, shinkafa da miyar kaza. Kazar ma ni ake kira in yanka tun jajibere don mu ci hankali kwance. "Malam," in ji matar, "bana ma dai a taimaka mana da wuƙa." Mai ɗakina ta juye, ta cika kular da cincin ko dubulan ta mayar. Na ce a raina, ashe kwanon Inna ne ya biyo ni birni, rana kawai ya canza.

A waje kuwa wata sabgar ce daban. Samarin unguwa, namu da nasu, waɗanda ba coci suka je ba ba kuma masallaci, sun tara tsofaffin tayoyi a mararraba, sha biyu na bugawa su cinna musu wuta, wai suna ƙona tsohuwar shekara. Ina gani na gane wasan. Wowwo ne aka sauya masa kara da roba. Sai dai kara in ya ci toka yake zama iska ta kwashe. Taya kuwa baƙin hayaƙinta ya cika ɗakuna, mai asma ya kwana zaune, kwalta ta narke ta bar rami, da safe wayoyin cikinta su yi ta harɗe ƙafar yara da ta masu babur. Ga nokawut, wanda yara ke saye da ɗan abin da suka tara, su jefa ƙarƙashin mota ko cikin taron mata.

Rikicin Fabrairun 2000 ya raba gidan hayarmu kamar yadda ya raba garin. Su suka ƙetare kogi suka koma kudu, mu muka matsa arewa. Kular shinkafa ta daina zuwa. Tun daga lokacin kuma nokawut ya tashi daga wasa. Garin da ya san ƙarar bindiga, daga baya ya zo ya san ta bam, fashewa ɗaya da tsakar dare ta isa ta sa uwa ta suri ɗanta ta yi waje ba mayafi, mai shago ya ja ƙofa, jita-jita ta riga gaskiya isa unguwa ta gaba. Shi ya sa duk ƙarshen shekara rundunonin 'yan sandan jihohi ke fitar da sanarwar hana ƙona taya da harba nokawut, kuma duk shekara sai an ji su suna tashi. Ɓarayi ma sun san amfanin hayaniyar.

Shi ma cika-cikin bai tsira ba, ko da yake ba rikici ne ya ci shi ba. Wa'azi ne ya fara taɓa shi. Daga ƙarshen shekarun 1970, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, aka yi ta jan hankalin jama'a cewa abin da ya tabbata a Muharram azumi ne, ranar tara da ta goma, ba cika tumbi ba, kuma zancen garwashin nan ba shi da tushe. A nan gaskiya aka faɗa, ba ni da ja. Wasu malaman kuma suka tsaya a kan cewa yalwata wa iyali a ranar abu ne mai kyau, aka yi ta muhawara. Ni dai abin da na lura shi ne, gidaje da yawa da suka tashi zubar da camfin, har da kwanon suka haɗa. Ban taɓa jin malamin da ya hana kai wa maƙwabci abinci ba. Amma da aka daina kiran sunan ranar, sai aka rasa ranar da za a aika.

Sauran zamani ya ƙarasa. Firji ya zo, ba mai rataya nama a hayaƙi. Gas ya zo, hayaƙin ma babu. Rago ya yi tsadar da magidanta da yawa sai dai su haɗu su bakwai a kan sa guda, jela ɗaya kuwa ba ta rabuwa gida bakwai. Gidaje suka koma masu get da doguwar katanga, yaro ba ya fita da kwano bayan magariba. Watan ma ya zagayo ya bar hunturu. A 'yan shekarun nan cikin damina yake kamawa, Yuni ko Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, kuɗin hannu sun tafi taki. Wato yanzu da aka fi bukatar kwanon maƙwabci, yanzu ne babu shi. Abin da muka samu a madadinsa hutu ne. Jihohi irin su Kano da Jigawa da Sakkwato da Katsina suna ba ma'aikata hutun 1 ga Muharram, a Nijar ma ranar hutu ce. A yi jawabai, 'yan Islamiyya su yi jerin gwano da fararen kaya, waya ta cika da saƙonnin barka da shekara waɗanda ba wanda ya rubuta da hannunsa. Ba laifi. Sai dai ba a cin saƙo.

Yaranmu kuma waya ta nuna musu wata sabuwar shekarar. Ranar 31 ga wata, kafin mu yi la'asar sun ga wutar da aka harba a gadar Sidni ta Ostireliya, ƙarfe tara na dare ta Dubai ta tashi a jikin Burj Khalifa. Abin kallo ne, ba musu. Amma mai ɗaukar hoto sama yake kallo, ba ya nuna ƙofar fita. A Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, daren shiga 2013, mutane sun taso daga kallon irin wannan wuta kusa da babban filin wasa, aka yi turmutsitsi, kimanin mutum 60 suka mutu, da yawansu yara ne.

Ni ma na taɓa biye wa nawa. Wata shekara suka matsa, na ga kamar ina tauye su, na kwashe su duka ranar 1 ga wata zuwa wani wurin shaƙatawa da aka yi ta tallarsa a rediyo. Kowane kai da kuɗin shigarsa, na lilo daban, lemon da ake sayarwa a bakin titi an ninka shi uku a ciki. Abin da na kashe a yinin nan ya kai cefanen gidana na mako biyu, ga kuɗin makaranta na jira, ga mai gidan haya. Wannan duk mai sauƙi ne. Magariba na yi kowa ya nufi ƙofa lokaci ɗaya, ƙofar kuwa ɗaya aka buɗe, ita ma rabi, don masu yankan tikiti ba su gama da masu shigowa ba. Hannun autata ya zame daga nawa. Na yi minti ashirin ko fiye ina kutsawa ina ƙwala mata kira, ko ni ba na jin muryata. A wurin wata mai awara na same ta, matar ta zaunar da ita a benci ta ba ta guda biyu tana ci. Takalminta ɗaya ya tafi. A hanyar gida kuma muka tarar samari sun tare titi suna wasan ganganci da motocin iyayensu, taya na kuka, 'yan kallo sun yi da'ira, ba abin da ya raba su da ƙarfen sai kiyayewar Allah. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, duk shekara sai ta yi gangami a kan watannin ƙarshen nan da ake kira watannin emba, har wasu na cewa watannin ne ke shan jini. Watan bai yi komai ba. Gudu ne, da lodi, da direban da ya yi sawu uku bai runtsa ba don kasuwa ta buɗe, da yaro ɗan sha bakwai riƙe da makullin babansa.

A cikin motar nan, auta na barci a cinyar uwarta da takalmi ɗaya, mai ɗakina ta ce, "Malam, wai mu da muna yara nawa ake kashe mana ne muke jin daɗi haka?" Ban tanka ba. Amma da Babbar Sallah ta zagayo sai na ga ta ware jela. Ba mu da azara, ba mu da murhun icce, a bayan gida ta sa aka kafa mata ƙusa, inda take hura gawayi.

Abin da muke yi tun daga nan ba shi da yawa. Muna azumin tara da goma, mu da yaran da suka isa. Ranar goma a tuƙa tuwo mai yawa, ba don tsoron garwashi ba, a zuba a kuloli shida ko bakwai. Ta farko ta mai gadin layinmu ce, sai tsangayar da ke bayanmu, sai wata mata mai riƙon marayu, sauran na maƙwabta. Shekarar farko yawancinsu wayam suka dawo, da godiya da ɗan mamaki, wata ma ta aiko tambaya ko haihuwa aka yi ba ta ji ba. A shekara ta uku sai da muka nemi inda za mu juye. Bayan isha'i nakan ɗauko wani tsohon littafin lissafi in karanta wa yaran abin da ake bin mu da abin da muke bi. Wanda za mu iya biya a sa masa rana. Wanda muke bi, in mun san mai shi ba shi da hali, in ja masa layi a gabansu. Sannan uwarsu ta kira sunayen waɗanda suka ga Muharram ɗin bara ba su ga na bana ba, a yi musu addu'a. Ba a taɓa rasa suna ba. Su dai yaran abin da suke jira shi ne a kira kakarsu a waya ta sake ba su labarin yadda ubansu ya ƙona rumbun mutane, kuma duk shekara wutar tana ƙara girma a bakinta.

Daren 31 ga Disamba a gida yake samunmu. Ban hana kowa kallon wutar Dubai ba, ga waya ga talabijin in an kawo lantarki. In ba a kawo ba a dafa shayi, a gasa dankali a gawayi, a zauna tsakar gida cikin bargo. Mota dai ba ta fita. Da hantsi nakan ƙetare gada in je kudancin gari gaida tsohon maƙwabcina, wanda na sake gano gidansa ta hannun wani abokin aiki bayan mun yi shekaru ba labari. Furfura ta rufe shi. Matar kuwa bakinta na nan, tana ganina za ta ce, "Malam, ka makara, mun ba mai shagon layinmu ya yanka," ta shiga ciki ta cika mini kula.

Muharram ɗin da ya wuce, da sassafe ranar goma, wayata ta yi ƙara. 'Yar kawuna ce daga Funtuwa inda take aure, jikokinta tara yanzu, ciwon gwiwa ya hana ta tafiya mai nisa. Hoto ta sa aka turo mini: tsintsiya jingine da bango, a ƙasa lambar asusun banki. Na tura mata dubu biyu, na rubuta, "Ga ladan shara, baiwata." Ba a yi minti biyar ba ta kira.

"Haraji ya iso, bawa," ta ce, "amma bai cika ba. Ina na fansar hula?"